Bone na Jeff Smith: wane bugu za ka saya, kuma daga ina za ka fara?

Wanda ya shiga neman Bone a kantin littattafai na intanet, kansa zai iya ɗaurewa: ga katafaren littafi guda, ga jerin guda tara masu launi, ga kuma wani wai shi Rose da ake cewa shi ne farkon labarin. Jeff Smith, mutumin Ohio ta Amurka, ya fitar da wannan labarin zane kashi 55 daga 1991 zuwa 2004, galibi a kamfaninsa na Cartoon Books, baƙi da fari. Labarin 'yan'uwa uku ne, Fone Bone da Phoney Bone da Smiley Bone, da aka koro daga garinsu suka faɗa wani kwari mai dodanni. Da barkwanci yake farawa, har da tsohuwa mai tsere da shanu, kafin ya rikiɗe ya zama yaƙin sarauta.

Bugun mujalladi guda na 2004, baƙi da fari, ya tattara labarin kaf cikin shafi sama da 1,300. Ni dai shi nake fifitawa babba mai karatu shi kaɗai. Smith gwanin tawada ne, kuma tsoron da ke cikin dare da hadari da duhun kogo, da baƙin tawadar nan ya gina shi. Yawanci kuma ya fi sayen guda tara sauƙin kuɗi. Aibinsa nauyi. Ba littafin riƙewa a kwance ba ne, takardarsa siririya ce, kuma mai bangon takarda gadon bayansa na karyewa idan ana yawan banƙare shi. Mai yin oda daga waje ya tambayi kuɗin aikowa tukuna, don da awo ake biya.

Guda taran masu launi kamfanin Scholastic ne ya fitar tsakanin 2005 da 2009, Steve Hamaker ya sa launin, kuma ya yi aiki mai kyau. Gidan da ke da yara, waɗannan za a saya. Yaro zai iya riƙewa, wa na karanta na uku ƙane na kan na ɗaya, in guda ya yage shi kaɗai za a sake. Kuma ba dole ka zuba kuɗi lokaci guda ba: sayi na ɗaya da na biyu, Out from Boneville da The Great Cow Race, in sun shiga ranka ka ci gaba. Akwai mujalladi guda mai launi na 2011, amma wannan na masu tarawa ne.

Hattara da na hannu. Cartoon Books ma ta taɓa fitar da juzu'i tara masu sunaye iri ɗaya, baƙi da fari. Duba sunan kamfani kafin ka biya, kada ka tara rabi launi rabi babu.

Batun jeri kuwa, ka bi ɗaya zuwa tara, ka ƙare da Crown of Horns. Rose, wanda Charles Vess ya zana, labarin ƙuruciyar Gran'ma Ben ne, tsohuwar nan mai tsere da shanu, shi ya sa wasu ke farawa da shi. Kar ka yi. Yana tona asirin wani mai lulluɓi da ke jagorantar dodanni, asirin da Smith ya ɓoye har juzu'i na shida, Old Man's Cave. Ka san wannan tun farko, ka zubar da rabin daɗin. Bar shi sai ka gama, lokacin ne ma zai fi taɓa ka, don ka riga ka san abin da tsohuwar nan ta rasa. Tall Tales kuwa gajerun labarai ne na nishaɗi, ko babu shi ba ka yi asarar komai ba.