Baba Kuku na Zango ya dafa mana abincin Amurkawa a tsakar gida

Da takarda ta zo cewa an ɗauki ƴata Auta karatun musayar ɗalibai, za ta yi shekara guda a gidan wasu mutane a jihar Ohayo ta Amurka, kowa a gidanmu da abin da ya dame shi. Malam maigidana salla da azumi yake tunani, Hajiya uwar mijina sanyi take tunani. Ni kuwa cikin yarinyar ne ya hana ni barci. Wadda ko daddawa aka canza a miyar kuka sai ta ture kwano, ita ce za ta je ta zauna kan girkin da ba ta taɓa gani ba?

Wata abokiyar aikina a lakwal ce ta haɗa ni da dattijon da ake kira Baba Kuku, can cikin unguwar Zango, nan Damagaram. Ya daɗe yana dafa wa ƴan Kor-da-la-Pe, matasan Amurkawan nan da ke zama ƙauyuka har su ji Hausa kamar jakin Kano. Tun 1962 suke zuwa Nijar, sai a Janairun 2011 aka kwashe su gaba ɗaya bayan an sace Faransawa biyu a Yamai. Suka tafi suka bar shi da girkinsu a ka. Ba shi da gidan abinci, ba allo a ƙofa. Magana ake yi masa kwana uku kafin ranar, ya rubuto cefane, ya zo gidanka da tukwanensa a bayan kabu-kabu. Kuɗin hannunsa jika goma sha biyar. Cefane ya ci mini jika talatin da biyar, kuma jika ashirin da biyu a ciki kan talo-talo ɗaya suka tafi.

Na tambaye shi me za a dafa. Ya ce, “Hajiya, idan za ta kai Nuwamba a can, to abincin ranar Godiya za ta fara sani.” Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba ce, ranar da kowa ke komawa gida a haɗu a ci tare. Sukan danganta ta da wani bikin kaka da Turawan Ingila suka ci tare da ƴan asalin ƙasar a 1621, amma shugaba Linkon ne ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Uwar mijina ta ce ashe su ma suna da sallar ci.

Ranar Asabar ya ce ƙarfe takwas, sai goma ta gota ya iso, ba ko waya. Wannan na riƙe shi. Amma da ya fara aiki sai na ja kujera na zauna ina kallo. Babbar tukunyar dalma ya ɗora kan gawayi, ya zuba rairayi a gindinta kamar kaurin yatsa biyu, ya kafa gwangwanayen tumatir uku, ya aza faranti a kansu, ya rufe, ya ɗora garwashi bisa murfin. Wannan ita ce tandarsa. Ya ce haka yaran nan suke gashi a ƙauye inda ba kuran. Ba ya buɗewa ya leƙa, hanci yake kai wa bakin murfi, ya rage garwashi biyu ko ya ƙara.

A ciki ya gasa abin da suke kira fai na kabewa. Kabewar nan tamu ta kasuwar Dole ya dafa ya dame, ya fasa ƙwai, ya zuba madarar gwangwani, sukari, kirfa, citta da kanumfari, ya juye cikin ɓawon fulawa da man shanu. Ƙanshin ya kai har gidan maƙwabta. Hajiya ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce, “Yanzu kabewar miyar taushe ce aka yi wa wannan wulaƙanci?” Sai ga ta ta miƙo faranti a ƙara mata.

Talo-talon ne ya ba ni haushi. Bai shiga tukunya ba, sai gidan burodi aka kai, can kuma aka bar shi ya wuce lokaci. Ya dawo ja wur, gwanin kyau a ido, amma ƙirjin kamar kana tauna ɓawon rake. Baba Kuku bai yi gardama ba, ya ce su ma can kowace shekara da wannan kukan suke tashi, shi ya sa ake kaɗa romonsa da fulawa a malala a kai. Romon ya taimaka, bai dawo mini da jika ashirin da biyuna ba. Dankalin turawa da aka kirɓa da madara da man shanu, Malam ya sa masa suna tuwon marasa haƙora, ya kuma cinye nasa tas. Burodin masara ya yi gari-gari, sai da zuma yake wucewa. Makaroni da cuku kuwa kada ma ku sa shi a lissafi, cukun da ya dace ba shi a Damagaram, na kanti mai hoton saniya ya narka, abin ya zama kamar kunun jarirai.

Inda na sara masa shi ne jar miyar da ake ɗiba a gefen nama. A can da wasu ƴan jajayen ƴaƴa masu tsami ake yinta, kiranberi, da ake nomawa a fadamun jihohi masu sanyi irin Wiskonsin da Masacusets. Shi sai ya dafa zoɓo da sukari da ɓawon lemo har ya yi kauri. Auta ta ga nama da zaƙi a cokali ɗaya ta ɓata fuska. Ya ce, “Jikata, daure ki haɗiye uku. Can za ki ga sukari inda ba ki zata ba, har cikin wake, har cikin burodi.” Malam ya miƙa hannu zai jawo kwalbar yaji, dattijon ya ce a yi haƙuri a bar ta ta ji abin yadda za a ba ta shi, tunda babu mai ajiye mata yaji a teburin mutane. A cokali na huɗu ta daina yatsina.

Sai ya sauke wata tukunya da ba ta cikin cinikinmu. Ya buɗe, muka ga shinkafa da wake. Auta ta fashe da dariya, ta ce, “Mama, garau-garau ne!” Ya ce a kudancin Amurka ranar sabuwar shekara ake cinta don neman sa'a, sunanta Hoppin' John. Waken nan mai baƙin hanci daga yankinmu na Afirka ta Yamma ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, shi da kuɓewa, wadda har yau ake miya da ita a Luwiziyana. Wato waken da muke lodawa manyan motoci zuwa Najeriya, shi ne abincin gargajiyar wasu Amurkawa. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka.

Nan ne kuma ya daina wasa. Ya ce shi da ƙashin rago ya dafa, amma su da naman alade suke yi, kuma ba lallai a ga yankan a ido ba, a romo yake. Ya karɓi biro ya rubuta mata kalmomi biyar a bayan takardar cefane: pork, ham, bacon, lard, pepperoni. Ya ce ta faɗa wa matar gidan tun daren farko, kai tsaye, ba kunya irin tamu, domin su ba sa gane kawaici, idan ka yi shiru sun ɗauka ka yarda. Ya ƙara da cewa kada mu wahalar da kanmu da ƙunshin kilishi, ba a barin nama ya shiga ƙasar. Busasshen yaji dai a sa mata, ta kuma bayyana shi a takardar kwastan. Malam ya karɓi takardar ya kwafe ta sau biyu, ɗaya a jakar fasfo, ɗaya a aljihunsa. Ban san me zai yi da tasa ba.

Duk mai ɗa ko ƙane da zai tafi can, ya kira dattijon nan, kuɗin hannunsa halal ne. Ku dai ce masa ƙarfe shida idan takwas kuke so, ku kuma saya zabi uku a maimakon talo-talo, su shiga tukunyar rairayi inda hancinsa ke gadi. Namu da ya yi saura, kashegari na daka shi a turmi da albasa da yaji, na soya, muka yi dambun nama.