Wata huɗu ina aiki da ifplugd a shagona na Tawa

Shagona na intanet da buga takardu yana kusa da babbar kasuwar Tawa. Kwamfuta shida ce, sai wata tsohuwa mai Debian, wani nau'in tsarin Linux, a ƙarƙashin teburina, ita ke riƙe da firinta. Kebul ɗin rezo na wannan kwamfuta ya bi gindin bango, ɗan harshen robar da ke danne kansa a rami kuma ya karye. Tsintsiya ta taɓa shi ya zame, ƙafar mutum ta taɓa shi ya zame. Ba ni da labari sai layi ya taru, wani ya ce, "Maigida, takardata fa ba ta fito ba." Na sake kan kebul ɗin, amma dai na ƙudura sai na'urar ta riƙa gaya mini da kanta.

Da farko da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, na gwada. A Linux akwai fayil, /sys/class/net/eth0/carrier, in kebul na ciki za ka ga 1, in an cire 0. Na sa shirina ya riƙa leƙawa duk daƙiƙa biyu. Ya yi kwana uku lafiya, ran na huɗu ya mutu. Ashe in an kashe ƙofar rezo ɗin daga cikin na'ura, fayil ɗin ba ya ba da 0, kuskuren "Invalid argument" yake maidowa. Na koma inotify, mai ba da labari in fayil ya canza, don in huta da leƙe-leƙe, shi kuma ko motsi bai yi ba, domin wannan fayil ba a faifai yake ba, tsarin ne ke ƙirƙiro amsar lokacin da aka karanta.

Daga nan na girka ifplugd, wani ɗan shiri mai lura da ko kebul ɗin rezo na ciki ko an cire. Lennart Poettering ne ya rubuta shi, mutumin da ya yi PulseAudio da systemd, kuma sigarsa ta ƙarshe, 0.28, tun 2005 ta fito. Tsufan ya sa na yi ɗari-ɗari, amma bai ba ni kunya ba. Duk daƙiƙa yana duba kebul, yana kunna ƙofar da kansa in ya tarar da ita a kashe, matsalar da ta kayar da nawa shirin ke nan. In abu ya canza sai ya kira duk abin da ka ajiye a /etc/ifplugd/action.d/, ya miƙa masa sunan ƙofar da kalma ɗaya, up ko down. Layi biyar na rubuta: ya rubuta lokaci a fayil, ya buga ƙara a lasifika.

Wuri ɗaya ya ci mini yamma guda. Tun Debian 9 ba eth0 ake kiran ƙofar ba, tawa enp2s0 ce, sai da na gyara sunan a /etc/default/ifplugd. A nan ne kuma na ga -d10, wato ya jira daƙiƙa 10 kafin ya yarda an cire. Wannan jiran na ji daɗinsa ƙwarai, don in ƙura ta shiga rami a lokacin hunturu haɗin kan yanke ya dawo cikin ƙiftawar ido, da ƙarar ta hana mu sakat.

Abin da nake so mai girkawa ya sani shi ne, ifplugd ba intanet yake gani ba, alamar lantarki tsakanin kwamfuta da akwatin rarraba rezo kawai yake ji. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta. Kwamfutar na kan batirin ajiya, akwatin ba ya kai. Ƙara ta tashi, na durƙusa ina lalube cikin zafin nan, kebul kuwa yana nan daram. Wata ranar kuma rezo ya tafi daga waje, ifplugstatus, umarnin duba halin kebul, na ta ce mini "link beat detected", wato haɗi na nan. Gaskiya ya faɗa, ni ne na tambaye shi abin da ba aikinsa ba. Na jona akwatin a batiri, na ƙara ping, umarnin gwada ko wata na'ura na amsawa, don sanin halin waje.

Mai NetworkManager, shirin kula da haɗin rezo, ba sai ya girka ifplugd ba, ma'ajinsa na dispatcher.d ya ishe shi, mai son labari nan take kuma ya duba umarnin ip monitor link. Ni dai na bar shi. Yanzu da ƙara ta tashi yaron shago ke jingine tsintsiya ya ce, "Maigida, bari in tura shi."