Shagon lodin wa'azi a Aboabo da katin karatun Malam Ja'afar

Tsakanin Aboabo da Asawase a birnin Kumasi akwai wani ƙaramin shago na kwantena wanda sana'arsa ita ce loda wa jama'a karatun malamai a katin memori ko a filas, kuma duk wanda ya saba bin hanyar bayan la'asar ya san shi, domin sifikarsa ba ta yin shiru sai an kira salla. Na sayi katin da suka tara karatuttukan marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a ciki, na saurare shi na tsawon lokaci a gida da kuma a mota, kuma hukuncina a kansa ya rabu biyu: a ɓangaren cikakkun darussa shagon ya yi aikin da ya cancanci yabo, amma a ɓangaren da suka kira raddi, yadda suka yayyanka maganar malamin suka jera ta ba adalci ba ne gare shi, ba kuma alheri ba ne ga mai saurare.

Shagon kansa ba shi da wani ƙawa. Akwai benci guda a waje, da kwamfuta a kan tebur, da akwatin gilashi cike da katuna da ƙananan rediyoyi masu cin memori, irin waɗanda tsofaffinmu ke ajiyewa a gefen darduma. Mai shagon dattijo ne wanda ya fara da sayar da kaset, ya koma faifan CD, kafin zamani ya kawo shi ga wannan, kuma har yanzu akwai kwalin tsofaffin kaset a ƙarƙashin teburinsa wanda ya ƙi rabuwa da shi. Wani saurayi ne ke zaune a gaban kwamfutar, kuma da na faɗa masa malamin da nake so, tambayar da ya yi mini ita ce: “Baba, karatu za a sa maka ko mai zafi?” Na ce a haɗa mini duka, saboda ina so in ga abin da ake sayar wa mutane da sunan wannan malami.

Babban abin da ke cikin katin shi ne tafsirin watan Ramadan da Malam Ja'afar ya riƙa gabatarwa a Masallacin Indimi da ke Maiduguri, kuma a nan ne shagon ya fi nuna ƙwarewa. An ware kowace shekara a jakarta, an rubuta sunan sura a kan kowane zama, ta yadda wanda ya tsaya a tsakiyar Suratu Yusuf zai iya komawa daidai inda ya bari ba tare da ya yi ta laluben fayil ba. Sautin shekarun ƙarshe yana fita tas, har ana jin numfashin mai jan baki kafin ya ɗauki aya, da motsin jama'a idan malam ya yi wata magana mai ban dariya. Na shekarun farko kuwa, waɗanda a fili yake daga kaset aka juyo su, suna da ɗan shuu a bayan murya, kuma a wasu wuraren maganar tana yankewa a daidai inda aka juya kaset ɗin, sai ta dawo malam ya riga ya wuce aya ɗaya ko biyu. Wannan ba laifin shagon ba ne, kuma saurayin ya gaya mini haka tun kafin in biya, abin da na ɗauka alama ce ta gaskiya a ciniki.

Wanda ya saurari waɗannan zama a jere zai fahimci dalilin da ya sa muryar mutumin da aka haifa a Daura, ya yi rayuwarsa a Kano, ta cika zangunan Ghana haka. Mahaddacin Alƙur'ani ne tun kafin ya tafi Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma haddar tana bayyana a karatunsa, domin yakan ɗauko aya daga wata sura ya fassara wata da ita ba tare da inda-inda ba. Hausarsa a shirye take, yana gina magana daki-daki, ya kawo maganganun malamai, ya faɗi wadda ya rinjayar da dalilinsa, sannan ya sauko da ita kan abin da mutane ke yi a kasuwa da ofis da cikin gida. Mu da muka tashi da Hausar Kumasi mukan ci karo da kalma nan da can wadda ba mu saba da ita ba, amma ba ta hana fahimta, kuma na lura yaran gidana sun tsinci kalmomi da dama daga gare shi waɗanda ba su taɓa ji a bakinmu ba.

Bayan tafsiri akwai karatun littattafai, ciki har da Kitabut Tauhid da Umdatul Ahkam da Arba'una Hadis da Riyadus Salihin. A nan tsarin ya ɗan yi rauni. A cikin Umdatul Ahkam na tarar da zama biyu masu lamba daban-daban amma abu ɗaya ne a ciki, sannan darasin da ya kamata ya biyo bayansu babu shi gaba ɗaya, har babin ya tsallake daga tsakiyar hukunce-hukuncen salla zuwa wani wuri. Ga mai saurare don nishaɗi wannan ba komai ba ne, amma ga ɗalibin da ke riƙe da littafin a hannu yana bi layi-layi, giɓi ne da zai tsayar da shi. Da na koma na nuna musu, dattijon ya buɗe wata ma'ajiya a kwamfutar ya nemo darasin ya ƙara mini, bai karɓi ko kwabo ba, ya kuma sa saurayin ya gyara a ainihin tarin nasu.

Jakar da aka rubuta wa “Raddi” ita ce inda na sha bamban da shagon. Ba a ɓoye yake ba cewa Malam Ja'afar mutum ne da ya sha muhawara a rayuwarsa. Ya soki abubuwa da dama na ɗariƙun sufaye, ya soki aƙidar Shi'a, kuma malaman waɗannan ɓangarori sun mayar masa da martani mai zafi. Ko a cikin masu aƙida irin tasa, bai tsaya ƙarƙashin shugabancin ƙungiyar Izala ba, wadda aka kafa a Jos a 1978, duk da kusancin da ke tsakaninsu ta fuskar karantarwa. Ya shiga aikin Hisba a Kano a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, daga baya ya ajiye muƙamin, kuma wannan ma ya jawo maganganu. Duk wannan tarihi ne, kuma babu wanda zai ce a share shi daga katin. Abin da na ƙi shi ne yadda aka gabatar da shi: gutsattsarin magana na minti biyu ko uku, an ciro su daga cikin laccar da ta ɗauki sa'a guda ko fiye, babu shekara, babu sunan masallaci, babu tambayar da aka yi masa har ya ba da wannan amsa, sai wani take mai tayar da hankali da aka liƙa wa kowane fayil.

Na ɗauki ɗaya daga cikin gutsattsarin na nemo asalinsa a jakar tafsirin da ke cikin katin nan ɗaya. A cikakken zaman, malamin ya daɗe yana kawo hujjojin ɓangarorin biyu, ya bambanta tsakanin hukunta aiki da hukunta mai aikin, kafin ya zo ga jimlolin nan masu kaifi. A guntun kuwa jimlolin masu kaifi kawai aka bari, kamar a tsame barkono daga tukunyar miya a miƙa wa baƙo a ce ga abincin gidan. Wani fayil ɗin an rubuta masa take da ke nuna wai raddi ne ga malaman Ghana, na saurare shi daga farko har ƙarshe ban ji an ambaci Ghana ko wani malaminta ba. Magana ce da aka yi a kan wani al'amari na can Najeriya, wani ya sake mata suna don ta yi kasuwa a nan.

Rashin rubuta shekara ya fi yin illa a laccocinsa kan karatun boko da aikin gwamnati. Sananne ne cewa ya yi tsayin daka wajen ƙalubalantar ra'ayin Muhammad Yusuf na Maiduguri, wanda ya haramta karatun boko da aiki a ƙarƙashin gwamnati, ya kuma nuna wa matasa cewa barin makaranta da ofisoshi cutar da al'ummar Musulmi ne. Darajar waɗannan laccoci tana cikin lokacin da aka yi su, domin Malam Ja'afar ya rasu a 2007, rikicin Maiduguri da aka kashe Muhammad Yusuf a cikinsa kuwa sai a Yulin 2009 ya auku. Ke nan gargaɗi ne da aka yi tun kafin wuta ta kama. Matashin da ya karɓi katin nan ba tare da wannan bayani ba zai iya zaton sharhi ne da aka yi bayan abin ya faru, kuma da haka an rage wa maganar nauyinta. Rubuta shekara a gaban sunan fayil aiki ne na daƙiƙa kaɗan, kuma shagon ya nuna ya iya shi a jakar tafsiri.

Akwai kuma wata ƙaramar jaka a kan rasuwarsa. Abin da aka sani shi ne, an harbe shi a masallacin Juma'a na Ɗorayi da ke Kano yana jan sallar asuba, ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni a Najeriya, kuma dubban mutane suka halarci jana'izarsa. A jakar akwai jawaban ta'aziyya na malamai, waɗanda suka dace da wurin, amma an cakuɗa su da muryoyin mutanen da ba a ambaci ko su wane ne ba, kowa yana ɗora alhakin jinin a kan ɓangaren da ya tsana, wani ya ce siyasa, wani ya ce saɓanin aƙida. Zargin kisan kai ba abin da za a loda wa mutum a matsayin ƙari ba ne, kuma da ni ne mai shagon da na goge waɗannan muryoyi na bar ta'aziyyar.

Dalilin da ya sa na tsananta a wannan ɓangare shi ne inda shagon yake. Zangunan Kumasi gida ne na Tijjaniyya tun da daɗewa, musamman bayan ziyarce-ziyarcen Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a shekarun 1950, kuma gida ne na Ahlussunna, sau da yawa a tsakar gida ɗaya, uba yana wazifa ɗa yana zuwa wani masallacin. Manya sun tuna yadda saɓanin ɓangarorin biyu ya kai ga faɗa a wasu garuruwan ƙasar nan a shekarun 1990, sun kuma san irin ƙoƙarin da shugabanni, ciki har da Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, suka yi kafin a samu zaman lafiyar da ake ciki. A irin wannan wuri, cikakken darasi yana koyar da mutum yadda ake saɓani da hujja, ko da bai yarda da malamin ba, guntun da aka yanke kuwa yana ba shi abin da zai tura wa maƙwabcinsa a WhatsApp don ya ɓata masa rai.

Na faɗa wa dattijon haka, kuma ya saurare ni da natsuwa. Amsarsa ita ce: “Malam, wallahi ni ma karatun na fi so, amma cikin masu zuwa nan, mai zafin suka fi tambaya.” Ya ƙara da cewa yawancin gutsattsarin ba su suka yanka ba, haka suke samun su daga wayoyin mutane. Ya kamata in faɗi cewa ba ya nuna ɓangaranci a sana'arsa, domin yana da tafsirin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, yana da na Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, yana da majalisan maulidi da wa'azin malamanmu na gida, kuma kowane ɓangare yana da tasa jakar raddin da aka yi wa irin wannan yankan. Wannan ya wanke shi daga zargin son kai, amma bai wanke jakar ba, domin wanda ya iya tsara tafsirin shekaru sura bayan sura ba zai rasa yadda zai tace abin da ke shigowa kwamfutarsa ba.

Game da katin kansa, shawarata ita ce mutum ya zo da nasa daga wurin da ya amince da shi. A cikin waɗanda ke akwatin gilashin akwai masu arha da aka rubuta musu giga 32 amma ba sa ɗaukar haka, sai a loda komai lafiya lau, a je gida a tarar fayilolin ƙarshe sun ƙi buɗewa. Saurayin ya san wannan kuma yakan faɗa idan an tambaye shi, sai dai ba ya fara faɗa da kansa. Kuɗin lodi ba shi da yawa idan aka kwatanta da datar da mutum zai ƙona kafin ya sauke irin wannan tari daga intanet, suna karɓar kuɗi a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma aikin ba ya daɗewa sai idan an ɗauke wuta ko an yi layi, wanda yakan faru a kwanakin da ke gab da azumi. Ga tsofaffi masu ƙaramin rediyo, da direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, da matan da ke saurare suna aikin gida, shagon yana biyan buƙata sosai. Wanda zai je ya nemi tafsirin da karatun littattafan, ya sa a gwada masa fayil na farko da na ƙarshe a rediyon shagon kafin ya biya, idan kuma yana son jin matsayin Malam Ja'afar a kan wata mas'alar da aka yi saɓani a kanta, ya ce a ba shi cikakkiyar laccar; suna da da yawa daga cikinsu a kwamfutar, sai dai ba sa sa su a kati sai an nema.