Google Scholar a Matsayin Ma'aunin Masu Binciken Sankarar Ciki da Hanji

Duk mai son sanin matsayin wani masani a fagen binciken sankarar ciki da hanji, ko ɗalibi ne mai neman wanda zai duba masa aikin digiri na uku, ko ɗan jarida mai neman ƙwararren da zai zanta da shi, galibi Google Scholar yake fara buɗewa. An ƙaddamar da wannan hidima ta neman maƙalun ilimi a intanet a 2004, ba a biyan ko sisi, kuma tun 2011 kowane mai bincike yana iya buɗe shafinsa, inda ake jera maƙalunsa tare da adadin ayyukan da suka ambace su.

Inda ta yi zarra shi ne bin sawun ra'ayi guda daga tushensa. A ɗauki Pelayo Correa, likitan nazarin cututtuka ɗan ƙasar Kolambiya, wanda shi da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Lancet a 1975 cewa sankarar ciki ba rana ɗaya take faɗo wa mutum ba: bangon ciki yana daɗewa a kumbure, sannan ya ƙanjame, ƙwayoyinsa su rikiɗe su yi kama da na hanji, su fara lalacewa, kafin a kai ga sankara. A Google Scholar, a ƙarƙashin maƙalar akwai ɗan mahaɗi mai ɗauke da lambar ayyukan da suka ambace ta. Da zarar an taɓa shi, sai ayyukan da suka ginu a kanta su fito, kuma ana iya taƙaita su da shekaru, har mai karatu ya ga yadda zancen ya canza salo bayan Barry Marshall da Robin Warren sun wallafa bincikensu kan Helicobacter pylori, ƙwayar cuta da ke zama a cikin ɗan Adam, a 1984, da kuma bayan hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙwayar cikin abubuwan da ke haddasa sankara a 1994. Aikin da a da yake cinye makonni a ɗakin karatu, yanzu zama ɗaya ya wadatar.

Matsalar tana wajen lambobin da ke gefen shafin, musamman ma'aunin h da masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Ma'anarsa mai sauƙi ce: wanda h ɗinsa ya kai 40 yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 40. Ke nan lambar ba za ta taɓa wuce yawan maƙalun mutum ba, komai nauyinsu. Warren ya yi aikinsa ne a ɗakin gwaje-gwajen asibiti a Perth ta Ostareliya, ba mai yawan wallafa ba ne, amma shi da Marshall suka karɓi kyautar Nobel a 2005. A ɗaya ɓangaren, maƙalar da ɗaruruwan mutane suka sa wa hannu, kamar manyan ayyukan tantance ƙwayoyin halittar sankara, tana ba kowannensu cikakken adadin ambato, da wanda ya jagoranci aikin da wanda ya kawo samfuri kawai. Ambaton da mutum ya yi wa kansa ma yana shiga lissafi, haka wanda aka yi don a ƙaryata shi. A ganina, kwamitin ƙarin girma da zai dogara da wannan lamba kaɗai ya sauƙaƙa wa kansa aiki fiye da kima.

Akwai kuma rikicin sunaye, wanda ya fi tsanani a wannan fage saboda kaso mai yawa na binciken sankarar ciki daga Sin da Japan da Koriya ta Kudu yake fitowa, inda masu bincike da dama ke amsa suna ɗaya. Tun da mai shafi ne ke kula da shafinsa, maƙalar wani na iya shigewa cikin jerin, ta zauna ba a lura ba. Shi ya sa ya kamata a gwama sakamakon da PubMed, rumbun maƙalun likitanci na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, wanda ke rarrabe gwajin magani a kan marasa lafiya daga sharhi, yana kuma yi wa maƙalar da aka janye alama, sannan a duba lambar ORCID ta marubucin, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, idan yana da ita.