Jinaihin Saudiyya na 1370 ko mai dokin Ingila?

Alhaji, cikin biyun da ka ambata, ɗauki jinaihin Sarki Abdul'aziz, wato tsabar zinariyar Saudiyya ta shekarar 1370 Hijiriyya, ka bar mai dokin Ingila, wato fam ɗin zinariyarsu mai hoton mahayin doki, inda ka gan shi.

A zinariya kam duk ɗaya suke: karat 22, nauyi giram 7.98, domin da ma a ma'aunin na Ingila aka buga namu na Saudiyya. Sa'ad da ya shigo hannun mutane a farkon shekarun 1950, riyal 40 ake canjinsa. Wanda ke hannuna gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne a Shari Mansur da ke Makka, ya karɓe shi kuɗin ɗinki ya miƙa wa Hajiyarmu, ita kuwa ta naɗe shi a auduga ta jefa cikin gwangwanin alawa. Ba ta taɓa rataya shi a sarƙa ba, ba ta taɓa goge shi ba. Yau in ka karkata shi a gaban fitila, sai ka ga haske na zagaya fuskarsa kamar ƙafar keke, sunan Sarkin ya fito raɗau, haƙoran gefen nan ko ɗaya bai dakushe ba. Na aika wa NGC, kamfanin tantance tsabar kuɗi, suka ba shi darajar MS 63, ta tsabar da ba ta yi yawo a hannun mutane ba, a ma'auninsu mai ƙarewa a 70. Duk ranar da na fito da shi sai na ji kamar ƙarar keken ɗinkin Baba.

Mai dokin fa? Yana da saurin sayuwa, wannan ba zan hana shi ba. Amma na Sarki Joji na Biyar sun cika gari, sai ɗaiɗaiku irin bugun Bombai na 1918 mai harafin I. Na taɓa sayen mai doki ɗaya a Balad, tsohon garin Jidda, yana ƙyalli kamar madubi, ashe goge shi aka yi, ga tabon walda a gefe inda aka cire kunnen sarƙa. Kuɗin nauyinsa kawai aka ba ni da na tashi rabuwa da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shago. Yawancin jinaihin da ke jere a gilashi ƙirar maƙeran yanzu ne, wani ma karat 21, a sa masa tsohuwar shekara a ce maka gadon wani dattijo ne. Shi kansa na 1370 an yi jabunsa tun yana sabo, har hukuma ta janye shi daga hannun jama'a. Kada ka biya kuɗin tarihi sai yana rufe a gidan robar NGC ko takwaransa PCGS, ka shigar da lambar da ke jikin robar a shafinsu na intanet, ka gwada hoton da abin da ke tafin hannunka. Wanda ya ce sai yau ko wani ya ɗauke, yi masa sallama.

In ka samo, turo min hoton fuska biyun kafin ka ƙirga ko riyal ɗaya.