Hattara da mai sayar da "zinaren Sarkin Rasha"

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a WhatsApp da Facebook da hotunan wasu sulalla masu ruwan ɗorawa, yana cewa gwal ne na zamanin Sarki Nikolas na Biyu, wanda ya mulki Rasha daga 1894 zuwa 1917. Labarinsa ɗaya ne kullum: wai wani injiniyan Rasha da ya yi aiki a Ajaokuta ne ya bar wa mahaifinsa su a gwangwani, yanzu rashin lafiya ta taso, zai sayar a wulaƙance. Ƙanena ya tura masa kafin alƙalami, aka aiko masa da guda uku ta hannun direba a tasha.

Da ya kawo mini, sai murmushi yake, yana cewa, "Yaya, duba mikiyar nan mai kai biyu, ai wannan tambarin sarauta ne." Na ce masa tambarin gaskiya ne, sai dai na gwamnatin Rasha da ke ci yanzu ne.

Wannan mikiyar ta daɗe. Tana kan hatimin 1497 na Iban na Uku, mai mulkin Mosko, wanda ya auri 'yar ɗan'uwan sarkin Rumawa na ƙarshe a Kustantiniya. Amma kowane zamani da irin kayan da ya sa mata. A ƙarni na 17 aka ɗora mata kambi uku, aka ba ta sandar mulki a ƙafa ɗaya da ƙwallon mulki a ɗaya. Gyaran 1857 kuwa, wanda shi ne tushen tambarin da ke kan kuɗin Nikolas, ya jera mata ƙananan garkuwoyi takwas a fukafukai, huɗu nan huɗu can, na ƙasashen da daular ke taƙama da su irin su Kazan da Polan da Saiberiya da Jojiya da Finlan. Garkuwar ƙirjinta kuma sarƙar lambar girma ce ta zagaye ta.

Na ɗauko fitilar waya muka haska na ƙanena. Fukafukan wayam, gashi kawai. Babu sarƙa. Mahayin dokin da ke sukar dodo da mashi a ƙirjinta ya nufi hannun damanmu, alhali a kuɗin Nikolas hagu ya nufa. Wannan shi ne tambarin da shugaban Rasha na lokacin, Boris Yelsin, ya dawo da shi ranar 30 ga Nuwamba 1993, bayan shekaru saba'in da ɗoriya da aka yi ba a ganin mikiyar sarauta, sai guduma da lauje, tambarin Tarayyar Sobiyet. Kuma sai a 2016 aka fara buga shi a kan sulallan da ake kashewa. Kafin nan mikiya marar kambi ce a kansu.

A taƙaice, abin da ƙanena ya saya rubul 10 ne, kuɗin Rasha na yau, wanda ko shayi ba zai saya maka a Mosko ba. Ƙarfe ne aka yi wa rufin farar tagulla mai ɗaukar ido. Ƙasan mikiyar, inda shekara take, an goge shi da zarto har ya yi santsi, aka shafa ƙasa don a ce tsufa ne. Dabarar ta ɗan yi ma'ana, don faɗinsa kusan ɗaya ne da na gwal ɗin.

Muka je wajen wani dattijo mai sayen zinare. Bai ma ɗauko ruwan gwaji ba. Maganaɗisu ya miƙa, sulen ya yi tsalle ya manne, ƙwas. Ya ɗora a sikeli, giram 5.6. Na gaskiyar giram 8.6 ne, kuma gwal ba ya bin maganaɗisu. Ya dubi ƙanena ya ce, "Yaro, ina kan sarkin?" Nan ne abin ya ba ni haushin kaina, don ni ma ban fara da wannan ba: na Nikolas yana da kansa da gemunsa a fuska ɗaya, mikiya a ɗayar. Wannan kuwa lamba 10 ce ƙatuwa a bayansa.

Mun kira lambar, a kashe. Bayan kwana biyu sai ga hotunan nan dai a wani zauren da sabon suna, injiniyan ma ya koma likita. In ya zo muku, ku ce ya turo hoton fuskokin biyu da na gefen sulen, don na gaskiyar akwai rubutu a gefensa. Kada ku tura ko sisi sai kun tsaya tare da shi gaban mai sikeli. Ƙanena ya adana saƙonnin da rasit ɗin banki, gobe za mu kai wa 'yan sanda.