Tsohuwar Mota a Garejin Gida: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bari

Mai neman tsohuwar mota don ya riƙa kwance ta yana ɗaurawa da hannunsa, abin da ke fara ɗauke masa hankali shi ne injin. Zai sa a tayar, ya kasa kunne, ya taka totur, da ya ji ƙarar ta yi masa daɗi sai ya shiga ciniki. Alhali a jikin motar shekarun 1960 da 1970 babu abin da ya kai injin sauƙin sha'ani. Noti ne da sufana, in ya gagara a sauke shi a ɗora wani. Abin da ke durƙusar da mai gyara a gida shi ne tsatsa, sai kuma rashin kayan gyara. Da waɗannan biyun nake auna kowace mota, kuma da su zan auna waɗanda ke tafe.

Shekaru kaɗai ba ma'auni ba ne. Ƙungiyar FIVA, mai haɗa kan masu tsofaffin motoci a duniya, ta sa iyaka a shekara 30. Jamus ma sai mota ta cika 30 take ba ta lamba mai harafin H, Birtaniya kuwa sai ta kai 40 ake ɗauke mata harajin hanya. Amma motar 1994 ta riga ta haura 30, ga ta cike da kwamfuta da ƙananan na'urorin da ba a buɗe su in sun mutu, sai dai a nemo wasu, wasun kuma an daina yin su. Wanda garejinsa bai wuce akwatin sufana da jak ba, ya tsaya kan abin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1980: kafireta, kwantak (ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don filogi ya ba da wuta), da wayoyin da za ka bi da ido daga batir har fitila.

Kafin sunan mota, a duba halin da take ciki. Akwai wadda aka gama gyarawa tana sheƙi. Ita ce mafi tsada, kuma sabon fenti ba ya gaya maka abin da ke ƙarƙashinsa. In mai ita ba shi da hotunan aikin tun ƙarfe yana tsirara, ka ɗauka fenti kake saya. Akwai kuma wadda aka warwatsa a kwalaye, mai ita yana cewa "an ci ƙarfin aikin, saura haɗawa". Araha ba ta ado. Ba kai ka kwance ba, ba ka san noti wane rami ya fito ba, kuma abubuwan da ke ɓacewa ba fistin ba ne ko giya. Ƙarfen adon gefe ne, da maƙalin gilashi, da hannun ƙofa, waɗanda nemansu ke cin watanni. Ta ukun ita nake so: tana tashi, tana tafiya, birki yana kamawa, fenti ya koɗe, kujera ta yage, amma ƙasanta lafiya lau. Irin wannan kana hawanta kana gyara ta kaɗan-kaɗan, kuma hawan nan shi ke riƙe sha'awar. Motar da ta shekara a kan maɗauki ba ta motsa ba, kayan tarkacen gida ake fara jibgawa a kanta.

In ana maganar koyon hannu, Volkswagen Beetle ce a gaba. An ƙera ta daga 1938 har 2003, inda ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko, sama da guda miliyan 21. Wannan yawan ne ya sa har yau kusan babu abin jikinta da ba a yin sabonsa. Injin yana baya, iska ke sanyaya shi, don haka babu lagireto, babu famfon ruwa, babu tiyon ruwa da zai fashe. Wuri huɗu aka ɗaure shi da giyabos, mutum biyu da jak ɗaya sun isa su sauke shi. Sai dai sauƙin yana da sharaɗi. Baƙin man da take sha lita biyu da rabi ne kacal, yawancinsu kuma ba su da cikakkiyar filta sai 'yar raga, shi ya sa ake juye mai duk kilomita 5,000, a kuma saita bawul a kan milimita 0.15 injin yana sanyi. Bel ɗin da ke juya janareto shi ke juya fanka. In ya tsinke jar fitila ta kama, a wurin za ka tsaya, ba sai ka ƙarasa gida ba. Gwangwanayen da suka rufe injin da robar da ta zagaye shi ba ado ba ne, in ɗaya ya ɓace injin zai riƙa shaƙar iskarsa mai zafi.

In ka je duba ta, kama fulin da ke bayan injin da hannu biyu, ka ja ka tura. Ka ga yana motsi ko ka ji ƙwas, gidan injin ya ci. Sannan ka durƙusa ka dubi ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, inda iskar ɗumi ke bi zuwa gaba. Shi ke riƙe bodin, kuma canza shi babban aikin walda ne. Yawancin na 1967 zuwa sama suna da lantarki mai ƙarfin volt 12, na baya kuwa 6 ne, fitilarsu ba haske, tayarwa da nawa. Masu injin 1600 daga 1971 an matsar musu da na'urar sanyaya mai, wadda a da take tare wa silinda ta uku iska. In da zaɓi, can zan nufa.

Mercedes W123 wata duniya ce daban. Daga 1976 zuwa 1986 an yi kimanin miliyan 2.7, kuma masu dizal ɗin, 240D mai silinda huɗu da 300D mai biyar, su suka yi mata suna. Famfon mai na ƙarfe ne zalla, da zarar injin ya tashi ba ya buƙatar lantarki. Wani abin ban dariya ma, tsotson iska ne ke kashe shi, shi ne kuma ke kulle ƙofofi. Ranar da wani siririn tiyo ya tsage, za ka zare makulli injin ya ci gaba da ruri abinsa, sai ka buɗe bonet ka danna wani ɗan hannu da aka rubuta wa STOP. Bin sawun waɗannan tiyo aiki ne na haƙuri, amma ba ya son komai sai ƙaramin famfon gwaji na hannu. Kada ka sa ran gudu: 240D ƙarfin doki 65 ta fara da shi, daga baya 72, a mota mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi. Gwajinta mai sauƙi ne. Injin yana aiki a tsaye, sassauta murfin baƙin mai ka bar shi a bakin. In yana ɗan rawa ba laifi, in hayaƙi ya ture shi, zobban fistin sun gaji. Tsatsarta tana ɓuya a ramukan jak, ƙarƙashin batir, da magudanan ruwa kusa da maƙalin bonet. Suna toshewa ruwa ya gangara ƙarƙashin kafet. Agogon kilomita kuma kada ka rantse da shi, yakan tsaya ba a sani ba. Kayanta sun fi na Beetle tsada, komai nata ya fi nauyi, tsawonta ya haura mita 4.7. Mai fetur 280E, da tsarin feshin manta na K-Jetronic, ba ta farkon farawa ba ce.

Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, aka ci gaba da haɗa ta a Kenya da Najeriya har bayan shekarar 2000. Wajen laushin tafiya a kan hanya mai gargada ta fi duk waɗanda na ambata. Injinta mai cc 1971 da kafireta ba ya da wuyar kai, sai abu ɗaya: hannayen silindarsa, wato bututun da fistin ke kai-kawo a ciki, zarewa suke yi, ruwa na zagaye su kai tsaye. In ka cire kan injin ka juya kirank ba ka danne su ba, sai su ɗaga, robar ƙasa ta saki, ruwa ya haɗu da mai. Mai tsarin feshin Kugelfischer ka bar wa masu ita, don masu iya saita shi sun yi ƙaranci. Kayan injin da ƙafa suna samuwa, na bodi da ado su ne wahala, kuma ya danganta da ƙasar da kake. Ka tuna yawancinsu sun yi aikin haya da dako kafin su iso gare ka.

MGB ta Ingila, wadda aka yi a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan, tana da wata gata: tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodinta sukutum. Ba don banza ba. Ba ta da shasi daban, ƙarfen ƙarƙashin ƙofa shi ne ƙashin bayanta, in ya ruɓe motar lanƙwasa take yi. Dubi tazarar ƙofa da bodi. In sama ta matse ƙasa ta buɗe, juya ka tafi. Kafireta biyu gare ta, ƙirar SU, da ke son a daidaita su su riƙa shaƙa tare. Na bayan 1974 masu baƙar bamba ta roba sun fi araha, ba su kai na farko kyau ba, amma gyaransu ɗaya ne.

Land Rover Series III, ta 1971 zuwa 1985, mayaudariya ce. Bodin alminiyom ne, ba ya tsatsa, sai ka gan ta garau alhali shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba, waɗanda ƙarfe ne, sun zama gari. Je da guduma ka bubbuga shasin, musamman can baya. Ka kuma auna tsayin ƙofar garejinka. Motar Mini ta Ingila kuma mita uku ce da 'yan kai, ko'ina za ta shige, amma hannu ba ya samun wurin juyawa a ɗakin injinta, kuma tsatsa ba ta bar mata ko kusurwa ɗaya ba. Citroën DS da Jaguar mai silinda 12 kuwa, ka yi kallo ka yaba, ka wuce.

A ganina, mai farawa da ƙaramin wuri ya ɗauki Beetle ko MGB. Mai son ya ɗebi iyali su yi doguwar tafiya, W123 ko 504. Land Rover sai wanda ya iya walda ko ya ƙudurta zai koya. In kuwa za ka sayi injin walda, ka sani na sanda huda ƙarfen bodi yake yi, don kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa. Na waya mai iskar gas, wato MIG, shi ne na wannan aikin. Sufana ma zaɓi ce: motocin Jamus da Faransa milimita suke bi, na Ingila da Amurka inci, tsohuwar Land Rover kuma takan gauraya har da tsohon awon Ingila mai suna Whitworth.

Ranar dubawa, je da rana, mota a bushe, ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso, don injin mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Riƙe tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Bi da shi gefen tayoyi da ƙasan ƙofofi. Inda ya ƙi kamawa, cikon bodi ne ba ƙarfe ba. Ɗaga kafet, taɓa ƙasan da tafin hannu. Sabon baƙin kwalta da aka shafe ƙarƙashin mota da shi jiya-jiya, tambayi dalilinsa. In akwai ma'aunin matsin silinda, bambanci tsakaninsu kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Lambar shasi ta yi daidai da takardu harafi da harafi, in ba haka ba babu ciniki.

Man da waɗannan injina suka saba da shi ba shi ake sayarwa yanzu ba. Fetur mai dalma ya ƙare a duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina. Dalmar nan tana kare mazaunin bawul a injin mai kai na baƙin ƙarfe, irin na MGB da Mini, don haka ko dai a sa musu mazauni mai tauri ko a riƙa zuba maganin da ke maye gurbinta. Beetle da 504 kan injinsu alminiyom ne mai mazauni daban, ba su cika damuwa ba. Fetur mai gaurayen itanol, wanda ake kira E10, yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan ruwa in mota ta daɗe a ajiye. A Beetle wannan ba wasa ba ne, don tiyon mai a saman injin mai zafi yake. Kwantak kuwa, kana iya maye shi da na lantarki ka huta da saiti, amma ajiye tsohon a mota, shi ne ake iya gyarawa a bakin hanya.

Gareji yana son sararin kamar mita ɗaya a kowane gefe, da maɗaukai huɗu na ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ba a kuma ɗora ta a kan bulo, don fashewa yake yi ba sallama. Kada ka tayar da injin ƙofa a rufe. Ƙurar tsohon birki da kuloci tana iya ƙunsar asbestos, sinadari mai illa ga huhu, jiƙa ta ake yi a goge, ba a hure ta.

Kuɗin farko bayan ciniki ba na fenti ba ne. Motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki ɗaya gare su, tiyo ɗaya ya fashe birkin ƙafa huɗu ya tafi, don haka a canza duk tiyon roba, a juye man birki, wanda dama yana shan ruwa kuma duk shekara biyu ake sabunta shi. Sai tiyon fetur, sai taya. Tsohuwar mota ba ta cinye taya, tsufa take yi mata, zanenta cike amma robar ta bushe. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin 2000, kada ka hau titi da ita.